Baki a Bakin Kogi

Shekarar da aka hana hawan moto, wato babur, a Diffa, aka kuma tsayar da fataucin tattasai, ita ce shekarar da na yi aikin da ya fi duk ayyukana nisa. A cikinta kuma na yi kuskuren da har yau in na tuna sai na yi istigfari ina dariya. Azumin bana ne ya tuno mini, da na ga an shanya tattasai ja wur a bakin kogin Komadugu, safiya da sanyinta, mai azumi ya kai la'asar bai tuna da maƙogwaronsa ba. Wancan azumin kuwa a ƙarshen bazara ya same mu, sama ta yi fari fat, ruwa ya ƙi sauka.

Ni ɗan allo ne. Mahaifina ya so in gaje shi a rubutun ajami, kuma na gaje shi, don har gobe duk waƙar da za a rera a ɗakina sai na fara rubuta ta da tawada daga dama zuwa hagu. Naɗar karatun malamai a kaset ce ta jawo ni sana'ar sauti. Daga nan na koyi kwamfuta, na koyi haɗa kiɗa da fiyano ba tare da makaɗi ko ɗaya ba, na koyi daidaita murya da kiɗa har su zauna lafiya kamar maƙwabtan kirki. Ba ni da ubangida. Duk wanda ya zo da waƙarsa shi ne ubangidana na ranar, ko mai biki, ko mai tallar maganin basir, ko saurayin da budurwa ta juya wa baya.

Situdiyon nawa ɗaki ne ɗaya a gefen zaurenmu. Na manna kwalayen ƙwai a bango, na jingina tsofaffin katifu biyu a taga don kada kukan akuya ya shigo. Yanzu ina da faifan hasken rana a kan rufi, ina aiki lokacin da na ga dama. A lokacin kuwa kuran, wato wutar lantarki, shi ne mai mulki, ya zo sanda ya so, ya tafi ba sallama. Ina da ƙaramin janareta, amma esansi, wato man fetur, ya zama abin da ake tambayar mutum takarda a kansa, sai na lulluɓe janaretan da buhu.

Aiki ya ɗauke. Samarin kabu-kabu da ke kawo mini waƙoƙin soyayya sun jingine baburansu, manoman tattasai da ke yin biki na kece raini suna zaune da buhuna ba mai saya. Matata Rabi ta riƙa dama kunun tsamiya har kana ganin gindin kofi. Ƙanƙara muka daina sayenta tun azumi na uku. Rabi takan jiƙa buhu ta naɗe tulu da shi, ta ajiye a inuwar darbejiya, da wannan muke buɗa baki, mu ce alhamdu lillahi, kuma da gaske muke faɗa.

Ranar azumi na goma sha biyu, da hantsi, wani dattijo ya yi sallama a zaure. Dogo ne, baƙi, tafin hannunsa duk kanta, ƙafarsa ta yi futu-futu. Ya ce sunansa Ba Gana, manomin tattasai ne daga wani ƙauye a tsallaken kogi, yanzu yana zaune a Asaga tare da waɗanda suka gudo. Rabin hanya a amalanke ya yi ta, rabi a ƙafa.

"Kai ne mai sa murya cikin salula?" ya tambaye ni.

"Ni ne, Ba. Bismilla, ga tabarma."

"Ina da waka. Ina so ta yi nisa."

Haka ya ce, waka. Hausarsa ta Barebari ce tsantsa, babu ƙa, babu ɗa, babu ɓa, duk ya bar su a gida. Na ce masa nisa kamar ina? Ya ce duk inda mutum yake da kunne. Ya kwance wani ƙullin leda, tattasai ne busasshe, ya tura gabana. Ƙanshinsa kaɗai ya sa na ji yunwa ta motsa.

Bari in faɗi abin da ya ɓoye mini, wanda ban sani ba sai daga baya. Ranar da mutanen daji masu bindiga suka shigo ƙauyensu yana gona yana ban ruwa. Matarsa Hadiza da 'yarsu suna gida. Ya tsallako ta nan, su suka bi wani ayarin, salularsa kuma ta faɗa kogi da duk lambobin da ke ciki. Wata huɗu yana cigiya, ya ba da suna a ofishin masu agaji, shiru. Bai yarda ya sa sunansa ko na ƙauyensu a waƙa ba, don a lokacin ba ka san a salular wa za ta sauka ba. Muryarsa kaɗai ya aika neman matarsa. Dattijo kuma ba ya buɗe baki ya ce wa wanda ya haifa a shekaru yana kewar iyalinsa. Ni da na ji "nisa", kasuwa na ji.

Muka gwada naɗa a ranar, abin ya gagara. Dole a kashe fanka in ana naɗar murya, don mikro yana jin komai. Cikin minti biyar ɗakin ya koma tanda. Bakin mai azumi kuma a bushe yake, duk kalmar da ya furta sai harshe ya yi ƙas a ganɗa, mikro ya kwashe. Na ce masa ya kwana a zaurenmu, gobe mu kama muryar tun ruwan sahur bai bar maƙoshi ba.

Allah Ya taimake mu, muna fitowa daga sallar asuba kuran na nan. Na sa masa kaske na jin sauti a kunne, ya taɓa shi ya ce kamar an ɗaura wa jaki linzami. Ya rufe ido ya fara. Tsigar jikina ta tashi. Murya ce mai kaushi, mai rawa a ƙarshen baiti, irin ta mutumin da ya saba waƙa da fartanya a hannu. Ina rubutawa yana rerawa:

Mu baƙi ne a bakin kogi,
Gonarmu na tsallake tana kallonmu.
Rumfar kara a Asaga ta ishe ni,
Wanda ya san muryar nan ya zo ya sha ruwa.

Ni da harafin ajami ƙaf wau na rubuta "baƙi", shi kuwa da kaf lasan ya rera. Na ɗaga hannu.

"Ba, baƙi za ka ce. Ƙi. Daga can ciki."

"Baki."

"Baƙi."

"To ai shi na ce, Malam. Baki."

"In ka ce mu baki ne a bakin kogi, mutane za su ce bakin cin tuwo kake nufi."

"Wanda ya san ni ya san abin da na ce," in ji shi. "Kunna abinka."

Muka gama kafin rana ta yi zafi. Na ce ya dakata ya ji, ya ce shi ba ya son jin kansa, in tura kawai. Ya ɗauki sandarsa ya kama hanyar Asaga.

Ni kuwa na zauna da muryar nan kamar wanda ya tsinci zinariya cikin laka. Na ce a raina wannan waƙar za ta tashi garin nan, in dai na wanke ta. Na yi alkawari tun da daɗewa ba na buga kiɗa da rana cikin Ramadan, don haka na ajiye kiɗan sai bayan Salla, na duƙufa a kan murya. Na tsaya gaban mikro na naɗi kaina ina cewa ƙa, ƙi, ƙo, ɗa, ɗi, ɓa. Sannan na buɗe muryar Ba Gana a allon kwamfuta, na ja ta har kowane harafi ya fito da ƙaton jikinsa, in yanke nasa kaf ɗin in dasa nawa ƙaf. Aiki ne kamar tsaga ƙwayar gero biyu. In ka wuce da gashi ɗaya sai a ji ɗinki.

Ranar da "baƙi" ta farko ta zauna daram ba alamar ɗinki, na miƙe tsaye ni kaɗai ina kabbara a hankali. Na kira Rabi ta bar tankaɗe ta zo ta ji. Ta ce, "Wannan ai mutumin Damagaram ne." Na ji kamar an naɗa ni sarauta.

Kwana goma na yi a haka. In jiƙa rawani in yafa, kafin in gama baiti ɗaya ya bushe. Gumi yana ɗiga daga haɓata kan maɓallai. Kuran ya ɗauke ina tsakiyar harafi, in fita in kwanta a kan yashin zaure ina jiran ƙarar firjin maƙwabta, don ita ke sanar da ni ya dawo. Da na gama da haruffa na bi ta kan rawar muryarsa na miƙar da ita da na'ura, na share numfashinsa, na goge kaushin, har ta koma sumul tana ƙyalli kamar sabon kwano.

Ruwan farko ya sauka ana saura kwana uku Salla. Tun azahar hadari ya taso daga gabas, iska ta kwanta, tsuntsaye suka yi shiru. Da la'asar ya ɓarke. Ƙanshin ƙasa ya shigo har cikin katifun taga. Matan unguwa suka fito da bokitai da kwanoni, Rabi ta tsaya a tsakar gida ta rufe baki gam don kada ɗigo ya karya mata azumi, ruwa yana bin fuskarta tana dariya da ido. Ni na miƙa mikro ta ƙofa na naɗi rugugin kwanon rufi. Washegarin Salla da na zauna haɗa kiɗa, wannan ruwan na shimfiɗa a ƙasa, na ɗora gangar Barebari a kai, na fito da algaita daga fiyano, na sa wani kauri a gindi wanda ke motsa ƙirji. Da muryar ta hau kai, na san an gama.

Na kai wa Isuhu, mai tura waƙoƙi a salula a bakin kasuwa. Ya ji rabi ya cire kaske.

"Malam, ina ka samo wannan? Ɗan Kano ne?"

"Ɗan nan ne."

"To yau ba mai barin teburin nan ba da ita ba."

Cikin mako biyu ba inda ba ta shiga ba. Mai shayi ita, mai wankin hula ita, masu amalanken da suka maye gurbin kabu-kabu ita. Na wuce wata gona na ji masu noman farko suna amsa amshinta, fartanyu na sauka tare. Aiki ya dawo mini har ina ba mutane rana. Kowa ya zo sai ya ce, "Irin muryar baƙin nan nake so ka yi mini." Rabi ta sayi nama ranar da ba Juma'a ba. Kogi ya dawo da ruwansa, gero ya kai gwiwa, ya kai ƙugu, ni kuwa ina tafiya a gari kamar ba na taka ƙasa.

Sai da gero ya fara fitar da kai Ba Gana ya dawo, wata biyu ke nan. Ya rame, zazzaɓin damina ya taɓa shi. Na tare shi da murna ina ba shi labarin inda waƙa ta kai. Ya bari na gama.

"Malam, wa ya rera wakata?"

"Kai mana, Ba."

"Ni ban san mutumin nan ba. A Asaga na ce ni ne, har mata suka yi mini dariya. Na ce to, bari in jira, ko kalmomin za su isa. Ba su isa ba."

Nan ya gaya mini komai, idonsa a kan tabarma. Ya ce Hadiza Bahaushiya ce, a kasuwar tattasai ya gan ta tana sayar da fura, da wannan karyayyar Hausar ya nemi aurenta.

"Shekara ashirin da biyu matar nan tana gyara mini harshe, ta kasa. Kai ka gama cikin kwana goma. Kunnenta nake nema, Malam, ba kasuwa ba."

Na rasa inda zan sa fuskata. Wata biyu waƙar tana yawo da ƙafar da na yi mata, ta yiwu ta wuce ta gaban matar sau ɗari ba su gaisa ba.

Abu ɗaya ya cece ni. Ɗan allo ba ya yar da rubutun farko, don haka muryarsa ta asali tana nan a ajiye. Na buɗe ta, da kaushinta, da numfashinta, da "baki" ɗinta. Sai dai ta ƙi hawa kiɗan, don kiɗan na'ura a kan layi yake tafiya, shi kuwa Ba Gana yakan tsaya inda manomi ke ɗaga fartanya. A da na tanƙwara mutum don ya bi kiɗa, yanzu na tanƙwara kiɗa ya bi mutum, bugu bayan bugu, kwana uku. Abin mamaki, da na gama sai na ji gangar ta fara numfashi. A duk shekaruna ban taɓa haɗa abin da ya yi rai haka ba.

Isuhu bai ga haka ba.

"Haba Malam. Wannan ai tsoho ne ke tari a kan kiɗa. Wa zai ba da dalarsa a kan wannan?"

Na ba shi labarin a taƙaice, ban faɗi suna ba. Na ce zan yi masa tallar teburinsa kyauta, da kiɗa da amsa-kuwwa, shi da duk masu turin da zai haɗa ni da su. Ya sosa ƙeya.

"Bari ka ga aiki. Ba za mu ce sabuwa ba ce. Za mu ce ta asali ce, wadda aka ɓoye. Mutum ko guba ce ka ce an ɓoye, sai ya nema."

Ya raɗa mata suna "Tsohon da ya ce baki". Ni kuma na cika katunan salula na bi tasha a ƙafa, cikin taɓo, ina ba direbobin Maine da na Gudumariya da na Gigimi, da masu motocin da ke shiga ƙauyukan arewa ranar kasuwa. Kowane na roƙe shi ya kunna a inda ya tsaya, ya tura wa duk wanda ya nema. Takalmina ya tsinke sau biyu. Tallace-tallace kyauta kuwa na yi har na daina ƙirgawa.

Ta tashi, amma da dariya ta tashi. Samari suka mai da ita abin tsokanar abokansu Barebari, a haɗu a hanya a ce, "Ina bakin kogi?" Kunya ta kama ni, na je har Asaga na ba Ba Gana haƙuri. Na same shi a rumfarsa yana gyaran ragar wani. Ya ce, "Bar su su yi. Dariya ta fi kuka saurin tafiya."

Bayan Babbar Salla, ana cikin girbin gero, wata safiya ina haɗa wa wani ango waƙa Rabi ta leƙo ta ce ina da baƙi. Na fito na ga Ba Gana cikin wankakkiyar riga, yana ta kallon rufin zaure kamar bai taɓa ganinsa ba. A gefensa wata mata gajeriya mai kaifin ido, da budurwa a bayanta. Ban jira an gaya mini ba. Na durƙusa na gaishe ta.

"Kai ne likitan harshen?" ta ce.

"Ni ne mai laifin, Inna."

Ta ce can N'Gelbeli ayarinsu ya yada su, wajen wata 'yar uwar mahaifiyarta. Waƙar farkon ta haddace ta tas, da ita take daka. Takan ce, Allah sarki, wannan Bahaushen ya san ciwonmu. Ta ji Asaga a ciki, amma wa ba ya ambaton Asaga a shekarar? Sai ranar wata kasuwa tana auna hatsi, wasu makiyaya suka kunna ta biyun suna ƙyaƙyatawa.

"Tiyar awo ta suɓuce daga hannuna. Na ce duk duniya ba wanda ya iya lalata kalmar nan kamar mutum ɗaya. Mai hatsi yana ta faɗa, ni ina tambayar motar Diffa."

Rabi ta kawo fura, aka sha, aka yi ta alhamdu lillahi. Sannan na gyara zama na ce abin da ke raina.

"Ba, na ci muku wata biyu na rayuwa da hannuna. Ban san da me zan biya ba."

"Ba ni ke binka ba," in ji shi. "Ita ce ta yi dakan."

Inna Hadiza ta kwance bakin zanenta ta fito da wata ƙaramar salula ta miƙo mini.

"Ta farkon nan tana nan?"

"Tana nan. Amma na yi niyyar goge ta."

"Kul. Tura mini ita. Shekara ashirin da biyu ina son in ji mutumin nan ya yi magana daidai ko sau ɗaya. In ka tura, ba ka da sauran nauyi a wurinmu, duniya da lahira."

Na shiga na tura, na fito na ba ta. Ta kunna a nan zauren. Ruwan kwano ya fara zuba, ganga ta shigo, sai ga murya sumul tana cewa mu baƙi ne a bakin kogi, ƙaf ɗina yana zaune a ciki daram. Ta saurara har ƙarshen baiti tana gyaɗa kai.

"Shi ke nan, Malam, ka biya." Ta juya ga mijinta. "Ka ji yadda mutane ke faɗa?"

Ba Gana ya shanye sauran furarsa, ya ajiye ludayi.

"Na ji," ya ce. "Amma wancan bai samo ki ba."